Yadda Za Ka Zaga da Baƙonka Birnin Kano Cikin Kwana Biyu

Kuskuren da masu masauki suka fi yi a Kano shi ne su saka baƙo a mota da rana tsaka, a rufe gilashi, a yi ta nuna masa abubuwa ta taga: ga gidan Sarki, ga masallaci, can kuma kasuwar Kurmi ce. Kafin la'asar an gama, baƙo ya gaji, kuma in ka tambaye shi abin da ya gani ba zai iya haɗa ɗaya da ɗaya ba. Tsohon birni ba a mota ake ganinsa ba, kuma jerin da aka bi yana da muhimmanci. Wanda ya fara daga kan Dala ya ga shimfiɗar garin, sannan ya sauko ya ga ganuwa, fada da kasuwa, zai fahimci yadda kowanne ya haifi ɗan'uwansa. Wanda aka fara jefawa cikin lungunan Kurmi kuwa, hayaniya kawai zai tafi da ita.

Aikin da za ka yi kafin ya sauka

Fara da tambayar baƙon abu huɗu ta waya: me yake son gani, yaya ƙafarsa take wajen tafiya da hawan matakala, akwai abin da ba ya ci, kuma ya taɓa zama a garin zafi? Tambayar abinci ba ta ladabi ba ce kawai. Gyaɗa tana cikin tsire, kilishi, bandashe, miyar taushe da kunun gyaɗa, wato kusan rabin abin da za ka so ba shi. Idan yana daga cikin waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, dole ka sake tsarin cin gaba ɗaya.

Sannan ka taka da ƙafarka, kwana biyu ko uku kafin zuwansa, ka je gidajen tarihi na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Ka tambayi lokacin buɗewa da rufewa a ranar da kake so, kuɗin shiga, ko ana biyan wani abu daban don ɗaukar hoto, da kuma ko za a samu ma'aikacin da zai zaga da ku. Haka ma marinar Ƙofar Mata: ka je ka gaisa da dattawan wurin, ka faɗa musu ranar da za ka kawo baƙo, ku daidaita abin da za a ba wanda zai yi bayani. Magana da aka gama tun baƙo bai zo ba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba da wadda za a yi a gabansa, musamman in an ga alamar daga ƙasar waje yake.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin yawo, sai dai hazon hunturu kan rufe gari har ba a hango nesa daga kan dutse, kuma yakan jinkirta saukar jirage. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka duk abin da ke waje sai a gama shi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. A Agusta kuwa ruwa ne, lungunan Kurmi da Jakara sukan caɓe. Kada ka sa zagayen cikin birni ranar Juma'a: tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cika, shaguna da dama suna rufewa. A watan azumi kuma rabin jagorar nan ba za ta yi aiki ba, domin ba za ka samu abincin rana a titi ba, mutane ma a gajiye suke.

Abin hawa: mota za ta kai ku bakin kowane wuri, amma ba za ta shiga lungu ba, kuma wurin ajiye ta a gefen Kurmi wahala ne. Abin da ya fi shi ne ka yi shatar adaidaita sahu ɗaya na wuni, wanda ka sani, ku yi ciniki tun daren jiya. Mutum uku ne iyakar abin da zai ɗauka cikin walwala. In kun haura mutum biyar, ku rabu biyu, domin tawaga mai yawa ba ta iya wucewa a lungun kasuwa, kuma tana jawo 'yan rakiya da ba a gayyata ba. Kada ka dogara da adaidaita da dare, a 2022 an sa dokar hana su aiki bayan ƙarfe goma.

Ka tanadi ruwan gora aƙalla lita biyu ga kowane mutum, hula ko lema, da ƙananan kuɗi a aljihu daban. Tura kuɗi ta waya yana aiki a wurare da yawa, amma mai gurasa da yaron da ya tsare muku takalma tsabar kuɗi suke so. Batun sutura ka faɗa wa baƙo tun yana haɗa jaka: namiji dogon wando, mace doguwar riga mai hannu da ɗankwali ko mayafi. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, don za a yi ta cire shi.

Rana ta farko: daga kan Dala

Ku kasance a gindin Dala da misalin bakwai na safe. Akwai matakala ta siminti, hawan bai fi minti goma ba ga mai lafiya, amma dattijo ko mai ciwon gwiwa ka bar shi ya huta sau biyu ko uku. Ku je da rana, ku je tare da ɗan unguwa in da hali, kuma kada ku kai magariba a sama.

Da kun hau, kada ka fara da labari. Bar shi ya zaga ya kalla tukuna, sannan ka tsayar da shi ka nuna masa abubuwa huɗu. Na farko Goron Dutse, ɗaya tudun da ke cikin ganuwa. Na biyu koren ƙubba da hasumiyoyin babban masallaci, da filin gidan Sarki a bayansa. Na uku cunkoson rufin kwano da ke tsakaninku da masallacin, inda Kurmi take. Na huɗu kududdufai. Mutane da yawa ba sa kula su, alhali su ne amsar tambayar da baƙo zai yi nan gaba: ina aka samo ƙasar da aka gina wannan gari? Daga nan aka haƙo ta. Kowane tsohon kududdufi ramin gini ne, ruwan damina ya cika shi. Da yawansu yanzu an cike an yi gini a kai, wannan ma na cikin dalilan da ruwa ke rasa wurin zuwa in an yi mamako.

Sai labari, a taƙaice. A gindin wannan dutse mutanen farko suka zauna, suna haƙar tama suna ƙira. Tarihin Kano ya kawo Barbushe da tsafin Tsumburbura, ya kawo Bagauda a matsayin sarkin farko a 999, ya kuma ce Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Wannan ya isa a kan dutse. Sunan da kake so ya riƙe shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, domin duk inda za ku je a kwana biyun nan za ku same shi: fada, Gidan Makama, Kurmi, faɗaɗa ganuwa.

In kun sauko, karin kumallo. Koko da ƙosai mai zafi da aka tsamo a gabanku, ko waina da miya. Ka zaɓi mai tuyar da ke da layin masu jira, saboda nata ba ya kwana a faranti.

Ganuwa, da yadda ake karanta ginin ƙasa

An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Gaskiyar da ya kamata ka faɗa wa baƙo tun kafin ya gani ita ce, yawancinta ta rushe. Ruwa ya ci wani sashe, an ɗebi ƙasar wani, an yi gini a kan wani. Ƙofofin da ke tsakiyar manyan tituna kuma, yawancinsu sabon gini ne na siminti da aka yi bayan faɗaɗa hanya. In ka nuna masa ƙofar siminti ka ce shekararta ɗari biyar, ka yaudare shi, kuma mai ido zai gane. Ku bi titin da ya tashi daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya ya nufi Kabuga, ku tsaya inda badala ta rage. Ku sauka ku tsaya a gindinta. Faɗin gindin kaɗai ya isa ya nuna masa girman aikin da aka yi da kwando da hannu.

A nan ne ya dace ka koya masa sunayen kayan gini, domin da su zai kalli sauran wuraren. Ka nemi inda bango ya zaizaye har cikinsa ya bayyana. Zai ga dunƙule-dunƙulen ƙasa masu faɗin gindi da tsinin kai: tubali ke nan. Da hannu ake mulmula shi daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, a shanya a rana, a jera shi a tsaye tsinin na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa tsohon gini yake kamar ya ɗan jingina baya.

Rufi kuma da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya. An zaɓe ta ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma tana da iyaka: in tazarar da za ta haye ta kusa mita biyu, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Duk gwanintar maginan Hausa a kan wannan matsala ta ginu. Don a samu ɗaki mai faɗi, sai a dasa azara a cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Abin da ya fito shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna suka raba rufin gida-gida, an samu ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa, wato ƙubba. Baƙon da ya gane wannan, in ya shiga soro ba zai ƙara cewa "ya yi kyau" kawai ba, zai ɗaga kai ya fara ƙirga bakuna.

Saura kariya daga ruwa, wanda shi ne babban maƙiyin ginin ƙasa. Makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana shafe bango da ita, ita ke ba shi launin nan mai duhu-duhu. Laso kuma simintin gargajiya ne: katsi daga ramin rini, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ka lura da wannan, don yana haɗa sana'o'i uku: sharar marina da sharar majema su ne rufin magini. Indararo yana fitar da ruwan rufi nesa da bango. Zanko, ƙahonnin nan da ke kan kusurwoyi, su ne alamar da ake gane ginin Hausa da ita daga nesa. Idan ya tambaye ka me ya sa gidajen suke rushewa, amsar ita ce yaɓe: ginin ƙasa yana son a sake yaɓe shi kafin damina, kuma da an bar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe. Shafa masa siminti ba magani ba ne, sau da yawa ma shi ke kashe shi, domin danshi yana maƙalewa a bayan simintin har ɓawon ya ɓalle da ƙasar gaba ɗaya.

Gidan Makama, fada da masallaci

Wajen ƙarfe goma, rana ta fara zafi, sai ku shiga inuwa. Gidan Makama yana dab da fada, ana danganta gininsa da Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta, Turawa kuma sun zauna a ciki bayan sun ci garin a 1903. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ku ware masa awa ɗaya da rabi. Ka karɓi ma'aikacin da zai yi bayani ko da ka san tarihin, ka kuma sallame shi da abin kirki a ƙarshe. Abu biyu kada su wuce ku: tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da aka adana a wurin, da rufin ɗakunan kansu. Mutane sukan duƙufa kan hotuna da kayan yaƙi su fita ba su ɗaga kai ba, alhali ginin shi ne babban abin kallo. Ka sa baƙon ya dafa bango ya ji sanyinsa, ya kwatanta da zafin da ya baro a waje. Kaurin ƙasar ne ke riƙe zafin rana, sai dare ya sake shi.

Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, gidan zama ne da wurin mulki, ba gidan kallo ba. Daga filin Ƙofar Kudu za ku ga ƙofar da dogarai cikin ja da kore, wannan kowa na iya gani. Shiga ciki sai da izini da aka nema tun da wuri ta hannun wanda ke da hanya a fada, kuma ba kullum ake samu ba, don haka kada ka yi wa baƙo alkawarin abin da ba ya hannunka. Ku yi sallama, ku gaida dogarai da "ranka ya daɗe", ka tambaya kafin a ɗaga waya. In an ce a'a, a'a ce. Ka kuma ja kunnen baƙonka kada ya buɗe hirar rigimar sarauta da mutanen da bai sani ba a wannan fili.

Babban masallaci yana arewa da fada. Ginin da ake gani yanzu na shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya maye gurbin tsohon na ƙasa. In baƙon Musulmi ne, ku daidaita tafiyarku ku yi azahar a nan. In ba Musulmi ba ne, ya kalla daga waje, kuma ba lokacin salla ba.

Daga nan gida. Tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu ba lokacin yawo ba ne, kuma abincin rana na ranar farko a gida ya kamata a ci shi. Tuwon shinkafa da miyar taushe ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba. Miyar kuka da ta kuɓewa a bar su sai gobe, domin yauƙi da ƙamshin daddawa sukan ba sabon baki mamaki. A rage barkono a tukunya, a ajiye yaji a gefe. Kuma a daina dura masa: "ƙara kaɗan" sau ɗaya ya isa, cikin da aka cika da rana ba zai karɓi tsiren dare ba.

Marinar Ƙofar Mata

Marina ta fi kyau da safe, lokacin da ake cikin aiki, don haka ita ce farkon rana ta biyu, wajen takwas da rabi. Masu wurin suna ƙirga tarihinta daga 1498. Abin da baƙo zai gani ramuka ne masu zurfi a jere, da yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki. Kada ka ɓoye wannan. Yadin kanti mai araha da rinin bature sun janye kasuwa, samari kuma ba sa son gadon sana'ar kamar da.

Ka roƙi marini ya tsoma ƙyalle a gabanku, don abin mamakin yana cikin daƙiƙun farko bayan an tsamo shi. Ruwan ramin haɗin baba ne da toka da aka bari ya ruɓa kwanaki, ana motsa shi har ya yi kumfa. Ƙyallen yana fitowa da launi kore-kore, iska na bugunsa sai ya juye shuɗi a kan idonku. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa: ba jiƙawa ke sa launi ya kama ba, yawan shan iska ne. Shuɗi mai haske ba ya ɗaukar lokaci, mai duhu sosai yakan ci sa'o'i. Zanen da ke jiki kuma mata ne ke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo, inda aka ɗaure rini ba ya shiga. Daga nan ku leƙa wurin bugu, inda ake ɗora yadi a kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi ƙyalli. Ƙarar kaɗai za ta kai ku. Irin wannan baƙin yadi mai sheƙi ne Buzaye suke naɗawa, kuma fatake sun daɗe suna haye hamada da shi.

In zai saya, ya saya a nan, kuɗin ya shiga hannun masu aikin. Ka gaya masa rinin baba yana zuba a wankin farko da na biyu, yakan kuma shafa a jiki. A wanke shi shi kaɗai, da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kuma kada a naɗe shi cikin jaka tare da fararen kaya ba tare da leda ba. Ku kula da ƙafa a bakin ramuka, musamman in da yara.

Kurmi

Kurmi tun zamanin Rumfa take ci, kuma nan ce mahaɗar fataken hamada da na kudu. Lungunanta ƙanana ne, suna kama da juna, ɗan gari ma yakan ɓata. Kana isa bakin kasuwa za a samu masu cewa za su raka ku. Ka zaɓi mutum ɗaya, ku yanke ladansa kafin a taka, ka kuma sani cewa yana da kaso a shagunan da zai kai ku, wannan kason a kan kuɗin baƙonka zai hau. In kana da ɗan kasuwa da ka sani a ciki, shi ya fi.

Kada ku ce sai kun ga ko'ina. Awa ɗaya da rabi, sassa uku ko huɗu. Wajen dukawa, ga jaka, takalmi da tintimi na fatar akuya. Ka sa ya shinshina, fatar da ba ta jemu da kyau ba wari take yi, kuma warin ba ya fita. Wajen kayan doki, ga sirdi, linzami da likkafa, a nan zai gane cewa hawan salla sana'ar mutane da yawa ce. Sai masu ƙwarya da aka yi wa zane da wuta, sai masu kayan ƙamshi, kanumfari, citta, masoro da kimba, sai masu littattafai inda har yanzu ake samun na ajami, da allo da tawada.

Ciniki kai za ka yi, amma da yardarsa. Ku yi alama tsakaninku tun a waje: in abu ya burge shi kada ya nuna zumuɗi, ya taɓa ka kawai. A fara da sallama da gaisuwa, sannan "nawa ne?" In an faɗa, ka taya. In mai kaya ya ce "albarka", bai sallama ba, sai ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce. Abin da ba a yi shi ne ka taya, a sallama, sannan ka fasa. Duk wanda ya fito muku da abin da ya ce tsohon kayan tarihi ne, ku bar masa: ko dai sabo ne aka tsufar da shi, ko kuma na gaske ne, wanda doka ta hana fita da shi daga ƙasa ba tare da izini ba. Waya da kuɗi a aljihun gaba. Hoton mutum, musamman mace ko almajiri, sai an tambaya.

Fitowa daga Kurmi ita ce lokacin gurasa, don Jakara na nan kusa. In ka samu gidan da za a bar ku ku leƙa, ya ga yadda ake manna ƙullun a jikin tanderu mai zafi. Bandashe kuma a haɗa a gabanku: a ɗan jiƙa gurasar, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Ga baƙon da cikinsa bai saba ba, ɗanyen kayan lambun nan da ruwan jiƙawar su ne inda matsala take. Mafita ita ce a sayi gurasar zalla da ƙulin, a haɗa a gida. Haka fura: a sayo ƙwallayen, a dama a gida da nonon da aka tabbatar da shi ko yogot, ba tare da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Zoɓo da kunun aya ma na gida sun fi aminci, kunun aya musamman, don ba ya jimirin zafi, kafin yamma ya yi tsami.

Yamma da dare

Da la'asar sakaliya ku fita wajen ganuwa zuwa Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, wanda iya Hausarsa ta sa aka laƙaba masa wannan suna. Amfanin zuwa nan bayan Gidan Makama shi ne kwatanci: tubali ɗaya, azara ɗaya, zanko ɗaya, amma ga bene da tagogi da tsarin ɗakuna irin na zaman Bature. Baƙon da ya koyi kalmomin jiya, yau shi zai riƙa nuna maka. Ka tabbatar da lokacin rufewa tun farko, in da wuri suke tashi sai ka sauya, ku zo nan kafin abincin rana. Mai sha'awar siyasa kuma, Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, ya fi masa komai: ƙanƙantar ɗakin da mutumin ya zauna ita kanta bayani ce.

Bayan magariba sai nama. Tsire a sa a mayar da shi wuta a gabanku har ya yi zafi, kada a karɓi wanda ya huce a takarda. Balangu ga wanda ba ya son ƙuli. A rufe da shayi a teburin mai shayi, in baƙon na son zama cikin mutane ya ji hira.

In zuwansa ya dace da salla, tsarin nan duka sai ya koma gefe, don hawa ya fi komai: Hawan Salla, washegari Hawan Daushe, sannan Hawan Nassarawa. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda tsaro, don haka kada ka sa mutum ya sayi tikitin jirgi dominsa sai an tabbatar. In za a yi, ku isa wurin tsayawa awa biyu kafin lokaci, ku nemi tudu ko bene, ku nisanci gaban dawaki lokacin jafi, kuma ka gargaɗe shi da ƙarar bindigogin 'yan bindiga tun kafin ta tashi.

Tsaraba a bar ta sai ranar tafiya ko jajibirinta. Kilishin Agadasawa ya yi suna. A zaɓi wanda ya bushe ƙayau, a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe, kuma a takarda, don leda tana tara gumi ya yi fumfuna. In baƙon Ingila ko Amurka zai koma, kada ka saya masa kilishi ko dambun nama, ba a barin nama ya shiga, za a ƙwace a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Ba shi alkaki da dubulan a roba mai murfi, da hula, da yadin da ya ga an rina da idonsa. Ranar tafiyar, in hunturu ne, ka kira kamfanin jirgin ka ji ko hazo bai ɗaga lokacin tashi ba kafin ku bar gida.